Tsohuwar Zhiguli ta 1975 da ta daɗe a gareji: a saya ko a bari?

Wani ɗalibi da ke karatu a birnin Samara na ƙasar Rasha ya aiko da tambaya kamar haka: "Baba, na ga wata tsohuwar Lada, wadda a nan suke kira Zhiguli, ƙirar VAZ-2101 ta shekarar 1975. Jikan mai ita ne ke sayarwa bayan rasuwar kakansa. Ya ce mutum ɗaya ne ya taɓa mallakarta, fentinta na asali ne, mita ta nuna kilomita 41,000, kuma ta yi shekaru a kulle ba a tayar da ita ba. Kuɗin bai fi ƙarfina ba. Anya maganar nan gaskiya ce? Me zan duba? In na saya, in sake mata fenti? Kuma zan iya tahowa da ita gida in na gama karatu?"

Ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Maganar yaron nan za ta iya zama gaskiya. Har yau ana buɗe gareji a Rasha a tarar da irin waɗannan motoci lulluɓe da tsohon bargo, kuma kana zaune ne kusa da mahaifarsu, domin masana'antar da ta ƙera su tana Tolyatti, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba daga Samara. Amma kada lambar mita ta ɗauke maka hankali, haka ma ƙyallin fenti. A wannan mota jiki kake saya. Inji, giyabos, birki, duk ana samun kayansu sababbi da araha a shagunan kayan mota na ƙasar. Jikin da tsatsa ba ta ci ba shi ne babu shagon da ke sayar da shi. In jikin lafiya lau yake, takardu kuma sun cika, ka saya. In ɗayan biyun nan ya samu tangarɗa, ka yi wa yaron godiya ka kama hanya, ko da injin yana tashi da murɗa makulli ɗaya.

Sai ka san yadda mutumin Tarayyar Sobiyet ya ɗauki mota kafin ka yarda cewa motar da ta kai shekara hamsin za ta tsaya a kilomita 41,000. Yau ana ce mata mai araha, amma da ta fito a 1970 kuɗinta wajen rubul (kuɗin ƙasar) 5,500 ne, alhali matsakaicin albashin wata bai wuce rubul 120 da 'yan kai ba. Wato mutum ya tara albashinsa kaf na kusan shekara huɗu, bai ci ba bai sha ba. Kuɗin ma shi kaɗai ba ya ba ka mota. Sai ka sa suna a layi ta wurin aikinka, ka yi ta jira shekara da shekaru kafin a aiko maka da kati cewa taka ta iso. Wanda ya sha wannan wahala ba ya wasa da abin da ya samu. Da yawansu a bas suke zuwa aiki, motar ta ranar hutu ce, ta zuwa 'yar gonar bayan gari da suke kira dacha, a dawo da dankali da kabeji a but. Da sanyi ya kankama sai a shigar da ita gareji, a ɗora ta a kan katako don tayoyi su huta, a cire batir a kai gida inda ke da ɗumi, ba za ta sake ganin titi ba sai ƙanƙara ta narke. Har waifa cirewa suke yi su ɓoye in sun ajiye mota a bakin hanya, saboda ƙarancin kayan gyara ya sa ana sace ta. Dattijon da ya yi haka shekara ashirin, kilomita dubu biyu kowace shekara, ga 41,000 ɗin nan ta fito. Daga nan ido ya yi rauni, ya daina tuƙi, ya kuma ƙi sayarwa.

Ita motar kanta asalinta Italiya ne. A 1966 gwamnatin Sobiyet ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Fiat don a gina babbar masana'anta a bakin kogin Volga, aka zaɓi Fiat 124, wadda ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1967, a matsayin tushe. Da aka gwada ta a hanyoyin Rasha sai jikin ya riƙa tsagewa, birkin baya mai faifai ya riƙa cinyewa cikin taɓo da yashi. Aka yi mata sauye-sauye sama da 800 kafin motoci shida na farko su fito ranar 19 ga Afrilu, 1970. An ƙarfafa jiki, an ɗaga ta daga ƙasa, an faɗaɗa kuloci daga milimita 182 zuwa 200, an mayar da birkin baya na ganga ta alminiyam, an sa wurin jak biyu a kowane gefe. Injin ma ba na Fiat 124 ba ne: sabo ne mai kamshaf a saman tof silinda wanda sarƙa ke juyawa, lita 1.2, ƙarfin doki sittin da 'yan kai. An bar mata rami a bamba ta gaba inda ake zura ƙarfe a tayar da inji da hannu, an kuma sa wa famfon mai ɗan hannu da ake dannawa a jawo fetur zuwa kafireto. Waɗannan biyun za su yi maka rana in an zo tashinta. Mutanen ƙasar suna ce mata Kopeyka, wato kwabonsu, kuma a shekarar 2000 masu karanta mujallar motoci ta Za Rulem suka zaɓe ta a matsayin motar Rasha mafi kyau ta ƙarni na ashirin.

Yanzu ga aikin da ke gabanka. Ka je da rana, ka tafi da tocila mai haske, ɗan maganaɗisu da aka naɗe da ƙyalle, da sukudireba. In za ka samu aron na'urar auna kaurin fenti, ka ara. Ka nemi a turo motar waje, sannan a ɗora ta a kan rami ko a ɗaga ta. Wanda ya hana ka ganin ƙarƙashinta ya riga ya ba ka amsa.

Zhiguli ba ta da shasi daban irin na a-kori-kura. Jikin ne ke ɗauke da komai, inji da aksil da sitiyari duk a jikinsa aka ɗaure su. Tsatsa kuwa a wannan jiki kamar gara take a azara, daga ciki take ci, waje yana nan sumul. Ka fara da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, daga tayar gaba zuwa ta baya. Ka ƙwanƙwasa su da gindin sukudireba tiryan-tiryan. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tas, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dushe yake, wani lokaci har ka ji garin tsatsa yana zubowa a ciki. Ka duba wuraren jak ɗin nan huɗu, domin su ne kan fara lotsawa. Ka ɗaga shimfiɗar roba ta ƙasa a gaban direba da gefen fasinja, har abin da ke ƙarƙashinta, saboda ƙanƙarar da ke bin takalmi tana narkewa a nan ta kwanta shekara da shekaru. Gefen fasinja yana da ƙarin matsala: ɗan famfon hita da ke ƙarƙashin dashbod ya yi suna wajen ɗiga, kuma a nan ruwansa ke taruwa.

Daga nan ka buɗe bonet. Akwai ƙarafa biyu masu kauri da suka miƙe daga gaba zuwa baya a gefe da gefen inji. A jikin na hagu aka ɗaure akwatin sitiyari, a jikin na dama kuma hannun da ke taya shi. Ka sa wani ya riƙa juya sitiyari hagu da dama kana kallon wurin. In ka ga ƙarfen yana motsi ko ka ga tsaga a kewayen kusoshin, maganar ta ƙare. Ana iya yin walda a wurin, amma motar ta fita daga sahun waɗanda aka adana, ta shiga sahun masu neman babban aiki, kuma aljihun ɗalibi ba zai ɗauka ba. Ka duba ƙarƙashin mazaunin batir, inda ruwan batir ke ɗiga, da kewayen fitilun gaba, da saman inda shakazoba ke ɗaure. A but ka fitar da safaya da ke gefen hagu ka leƙa raminta, ka haska ƙarƙashin tankin mai da ke gefen dama.

Akwai wani abu da ke tona asirin mai sayarwa a wannan ƙira. Ƙarafan da ke rufe saman tayoyin gaba ba da kusoshi aka ɗaure su ba kamar yawancin motoci, walda aka yi musu tun daga masana'anta. Waldar masana'anta ɗigo-ɗigo ce, zagayayya, tazara daidai wa daida. In ka bi bakin wurin a ƙarƙashin bonet ka ga walda mai tudu ko alamar an goge da injin gurza, an taɓa canja wurin, ko saboda haɗari ko saboda tsatsa. Maganaɗisu zai gaya maka sauran: inda ya ƙi kamawa sosai, fila ce aka shafe wurin da ita. Ka ɗaga bakin robar gilas da ta ƙofa da farce. Motar da aka sake wa fenti za ka ga layin sabon fenti a jikin robar, ko wani launi daban a ƙarƙashinta.

In ka ga ƙarƙashin motar ya yi baƙi da wani abu mai danƙo, ko wani mai launin ruwan ƙasa yana tsattsafowa daga ramukan ƙofofi, kada ka tsorata. Dattawan nan suna ɗura wani maganin tsatsa mai suna Movil a cikin ƙofofi da ƙarafan gefe, wasu ma tsohon baƙin mai suke zubawa. Ƙazanta ce a ido, amma ita ce ta ceci yawancin waɗanda suka kai yau. Abin tsoro shi ne baƙin shafi sabo fil da aka yi makon jiya. Wannan rufin asiri ne.

Ka kuma kalli garejin kansa. Da yawa suna da rami ko ɗakin ajiyar dankali a ƙasa, kuma in ruwa ya taru a ciki, motar ta yi shekaru tana shan raɓa daga ƙasa. Na fi yarda da motar da ta zauna a busasshen gareji mai iska ko da ta yi kilomita dubu ɗari, a kan wadda ba ta je ko'ina ba amma ta kwana a kan ruwa.

Batun mita kuwa, lambobinta biyar ne kacal. In ta kai 99,999 sai ta koma sifili. Saboda haka 41,000 na iya zama 141,000, ko ma 241,000, ba tare da kowa ya yi maguɗi ba, jikan ma wataƙila bai sani ba. Shaidar gaskiya tana jikin abubuwan da hannu da ƙafa ke taɓawa. A kilomita dubu arba'in robar fedar kuloci da ta birki ba su shafe ba, kujerar direba ba ta lotsa fiye da ta fasinja ba, ƙofar direba ba ta sauka in an buɗe ta an ɗaga bakinta. Ka tambayi littafin sabis da ke zuwa da motar, wanda ake yagar takarda a ciki duk lokacin da aka kai ta dubawa, da ƙaramin littafin rajista na zamanin Sobiyet. Ka dubi tambarin da ke kusurwar kowane gilas, ya kamata su zama iri ɗaya. In motar tana ɗauke da tsohuwar lamba baƙa mai farin rubutu, wadda aka yi amfani da ita har zuwa 1980, alama ce mai kyau cewa ba ta yi yawo hannu da hannu ba. In kuma ka ga an rubuta cewa a ƙasar Hungari aka yi agogon dashbod ko injin waifa, ba canji ba ne. Ƙasashen gabashin Turai sun riƙa kai wa Tolyatti kaya tun farko.

Ka tabbatar ma 2101 ɗin ce ta ainihi. Bambarta tana da ƙahoni biyu a tsaye, gaba da baya. Ƙanwarta 21011, wadda ta fito a 1974 da inji mai lita 1.3, ba ta da ƙahonin, roba ce a miƙe a jikin bamba, tana kuma da ramukan iska a ginshiƙan baya. Duka biyun motoci ne na kirki, sai dai a tsawon shekaru an yi ta haɗa kayan wannan da na waccan, kuma motar haɗe-haɗe ba ta da darajar wadda ta zauna yadda aka ƙera ta.

Takardu su ne inda ɗalibai baƙi suka fi faɗawa rami. Mai motar ya rasu, saboda haka jikan ba shi da ikon sayarwa sai yana da takardar gado daga hannun notari, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardu, ko an riga an mayar da motar sunansa. "Ai ta kakana ce" ba hujja ba ce a ofishin 'yan sandan hanya. Ka gwada lambar jiki da ke cikin ɗakin inji da wadda ke takarda, harafi da harafi, haka ma lambar inji da ke gefen hagu saman filtar baƙin mai. In tsatsa ta ci lambar jiki, za a tura motar binciken ƙwararru, abin ya ɗauki lokaci, ƙarshe ma a iya ƙin yi mata rajista. Ka kuma bincika ko an taɓa soke rajistarta da sunan an kai ta a narke, domin a 2010 gwamnati ta yi shirin karɓar tsofaffin motoci ana ba da rangwamen rubul 50,000 a kan sabuwa, Zhiguli da dama suka tafi ta wannan hanya. Ka tafi da abokinka ɗan ƙasa wanda ya taɓa sayen mota, kuma kada kuɗi su fita daga hannunka kafin a ga komai.

To, a ce ka saya. Babban kuskuren da ake yi shi ne a kawo batir a ɗaura, a zuba fetur a kafireto, a murɗa makulli don a ji muryarta. Kada ka yarda, ko mai sayarwa ne ya nemi ya nuna maka. Injin da ya yi shekaru a tsaye babu ɗigon mai a saman kamshaf ɗinsa, kuma kamshaf shi ne lagon wannan inji, har ƙarancinsa aka yi fama da shi a ƙasar a farkon shekarun 1980 saboda yawan cinyewa. A jawo motar a kan babbar mota zuwa wurin aiki. A zubar da tsohon fetur, a wanke tanki, domin fetur ɗin da ya tsufa danƙo yake zama ya toshe komai. A cire fulogi huɗun, a zuba ɗan mai a kowace silinda, a bar shi ya kwana biyu. Sannan ka zura ƙarfen nan ta ramin bamba ka juya injin da hannu a hankali. In ya juya sumul, ka gode wa Allah. A canja baƙin mai da filta, lita 3.75 yake ci, kuma mai na gargajiya irin 10W-40 ko 15W-40 ya ishe shi. A buɗe murfin bawul a duba kamshaf da ido, a shafe shi da mai, sannan a juya injin da batir ba tare da fulogi ba har fitilar mai ta mutu. Sai bayan nan a mayar da fulogi.

Saitinsa ba wuya, shi ya sa mu da muka yi aiki a kan waɗannan injuna muke ƙaunarsu. Tazarar bawul milimita 0.15 ce in inji ya huce, ta kwantak, wato bakin da ke raba wuta ga fulogi, wajen 0.4, ta fulogi 0.5 zuwa 0.6, kuma silinda suna kamawa ne 1-3-4-2. Sarƙar taimin tana son a ɗame ta duk kilomita 10,000, aikin minti kaɗan ne, amma in an ƙyale ta sai ta fara kaɗawa ta karya abin da ke tare ta. Kafireton na farko-farko ƙirar kamfanin Weber na Italiya ce da aka riƙa yi a garin Dimitrovgrad na Rasha da lasisi. In ita ce a kai, a wanke ta a canja mata gaskit, kada a musanya ta da sabuwa.

Duk abin da yake roba ka ɗauka ya mutu, komai kyansa a ido: tiyon ruwa, tiyon fetur, tiyon birki, fanbel, fatar da ke cikin famfon mai, da robar nan mai kauri da ta haɗa giyabos da furofela. Birki ba a yi masa kwaskwarima, a sake shi gaba ɗaya, da silindar kuloci, tunda shi ma da man birki yake aiki, kuma man birki yana shan danshi ya cinye silinda daga ciki. Gangar birkin baya takan manne, kuma da yake alminiyam ce, guduma tana fasa ta. Akwai ramuka biyu masu zare a fuskarta, a ɗaura kusoshi a ciki a riƙa juyawa bi da bi, da kanta za ta fito. Ka sani kuma 2101 ba ta da abin da ke taya ƙafa danna birki, sai daga ƙirar 2103 aka fara sa shi, saboda haka taurin feda ba lalacewa ba ne. Bol-joyin na ƙasa kuwa a canja su ko da sun yi kama da lafiyayyu. Duk wanda ya zauna a Rasha ya taɓa ganin Zhiguli a bakin hanya tayarta ta gaba ta kwanta a ƙarƙashinta, kuma wannan ne sanadi. Tsofaffin tayoyi ka ajiye su don tarihi, kada ka hau titi da su. Sababbi masu inci 13 suna ko'ina.

In ka haɗa lissafin wannan duka, kada ka yi mamaki in ya kusanci abin da ka biya na motar. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Ka ware wannan kuɗin tun kafin ciniki, kuma ka yi amfani da shi wajen neman ragi.

Fenti kuwa, ina roƙonka kada ka sake shi. Mota sau ɗaya take zama da fentin masana'anta, in ya tafi ya tafi ke nan. Zhiguli da aka sake wa fenti suna da yawa, kowane mai kuɗi zai iya yin tasa gobe. Wadda ke ɗauke da fentin 1975, da 'yan tabonsa da inda ya koɗe a saman rufi, ita ce ke ƙara wuya kowace shekara, musamman da samarin ƙasar suka mayar da waɗannan motoci abin wasan zamiya a kan ƙanƙara, suna ƙarar da su ɗaya bayan ɗaya. Fentin wancan zamani gasasshe ne, ba shi da wani rufi mai sheƙi a samansa, kuma in an wanke shi an goge da hannu a hankali da man goge fenti mara kaifi, launinsa yana dawowa yadda ba ka zata ba. Kada a sa masa injin gogewa a gefuna, nan da nan ake cin fentin har ƙasa. Inda ya ɓantare a tsabtace tsatsar a ɗiga fenti da ɗan buroshi. A sake ɗura maganin tsatsa a cikin ƙofofi da ƙarafan gefe. Kada ka huda dashbod don rediyon zamani, kada ka yanke sifirin don ta yi ƙasa. Ko kan giyar nan na roba mai haske da fure a ciki, wanda direbobin lokacin ke so, in ka tarar da shi ka bar shi, yana cikin tarihin motar.

Akwai gaskiyar da ya zama dole in gaya maka a matsayin uba. Motar nan ba ta da jakar iska, kujerunta ba su da matokarin kai, sitiyarinta ba ya lanƙwashewa yadda na zamani ke yi in an yi karo. In babu bel a sa mata, akwai wurinsa. A takarda tana kai kilomita 140 a awa, amma giya huɗu gare ta, kuma inda take jin daɗi 80 zuwa 90 ne, tana shan lita 8 zuwa 10 a kilomita ɗari. Kada ka mayar da ita motar zuwa makaranta kullum, balle a lokacin sanyi da ake watsa gishiri a tituna. Sanyi biyu a cikin gishirin nan zai ɓata abin da dattijon ya yi shekara hamsin yana karewa, kuma in ba ka da garejin da za ka ajiye ta, gara ka bar wa mai shi. In abin hawa kawai kake nema mai araha, ka nemi ƙanwarta ƙirar 2106, wadda aka yi ta ƙerawa har 2006, ko 2107 da ta kai 2012. Kayan gyaransu kusan ɗaya ne, kuma babu wanda zai yi baƙin ciki in sun tsufa a hannunka. Sauran motocin Sobiyet irin su Moskvich 412 da Zaporozhets da Volga duk suna da masoyansu, amma neman kayansu ya fi wuya, ba na ba ɗalibi shawarar farawa da su.

Saura batun tahowa da ita gida. Lada ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A shekarun 1970 da 1980 an sayar da ita a Najeriya ta hannun kamfanin WAATECO, dattawa da yawa sun tuƙa ta, kuma ta daɗe tana aikin tasi a Alƙahira da Addis Ababa, har haɗa 2107 aka riƙa yi a Masar. Sitiyarinta a hagu yake, ya dace da titunanmu. Zafi ma ba ya kayar da ita in lagireto a wanke yake, fanbel a ɗame. Abin da ke kashe ta a ƙasar zafi shi ne al'adar makanikanmu ta cire tamostat a jefar. A wannan inji tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar ruwa ya tilasta masa bi ta lagireto, in an cire shi ba a toshe hanyar ba sai ruwan ya riƙa zagaye inji kawai, motar ta ƙara zafi maimakon ta huce.

Amma cikas ɗin ba a inji yake ba. Dokar kwastam ta Najeriya ta ƙayyade shekarun tsohuwar motar da za a shigo da ita, kuma motar 1975 ta wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Kuɗin jirgin ruwa daga Rasha zai iya ninka kuɗin motar, ga shi tun 2022 aika kaya da biyan kuɗi tsakanin Rasha da waje ya ƙara wuya saboda takunkumi, wanda ke nufin ko ta iso, kowane ɗan gaskit sai ka yi jiran mai zuwa. Kada ka biya ko kwabo na jigila sai kana riƙe da amsar kwastam ta ɓangarorin biyu a rubuce. Shawarata ita ce ka more ta a can muddin kana karatu, ka kai ta taron masu tsofaffin motoci da ake yi da rani, ka je da ita Tolyatti ka ga 'yan'uwanta na farko a gidan tarihin masana'antar. In lokacin dawowa ya yi, ka sayar wa ɗaya daga cikin mutanen da ka haɗu da su a irin wannan taro, wanda ka ga yadda yake riƙe tasa. Duk wani abu na asali da ka cire, ko tsohon tiyo ne ko famfon mai, ka sa a kwali ka rubuta ranar da aka cire shi da abin da mita ta nuna, ka miƙa masa tare da littafin sabis da tsohuwar lambar in an bar maka ita.